Maraƙin da Ya Yi Salati

Akwai wata darbejiya a unguwarmu a Rano inda muke zama bayan la'asar, ni da wasu abokai da furfura ta fara kama mu tare. Ba abin da muke ƙullawa a wurin sai gardama. Kwanan baya gardamar ta faɗa kan kalmar ɓaranɓarama. Wani ya ce ai ita ce katoɓara. Wani ya ce a'a, katoɓara a baki take tsayawa, ɓaranɓarama kuwa har da hannu da ƙafa. Can sai duk suka juyo suka zuba mini ido. Na gyara zaman hulata, a zatona don na yi shekara da shekaru ina koyar da Hausa a makaranta ne suke neman fatawata. Sai wanda ya tayar da maganar ya ce, "Malam, kai za ka raba mu, tunda kai ka taɓa yin ta da jikinka." Suka kwashe da dariya har da mai buga ƙafa.

Gaskiyarsu ne. Abin da na sani game da kalmar nan ba a aji na samo shi ba, a bayan wani rumbu na samo shi.

Tuntuɓe kowa yana yi, akuya ma tana yi. Katoɓara kuwa baki ne ya riga hankali fita. Ita ɓaranɓarama, yadda muke faɗinta a nan, sai mutum ya shirya wa mutunci tukuna. Ya yi wanka, ya sa rigar ƙasan akwati, ya je gaban wanda yake jin nauyinsa, sannan ya rushe da ƙara. Kuma dole a samu masu gani. Wanda ya zame a banɗaki shi kaɗai bai yi ɓaranɓarama ba, ciwo kawai ya ji. Akwai sauran sharaɗi guda wanda ban gane shi da wuri ba, sai da na kai shekarun da nake yanzu.

Ni mutum ne mai son a ga nutsuwarsa. Tun ina saurayi ba na gudu ko da ruwa ya sauko, sai dai in jiƙe a hankali. Rigata kullum da sitati, har matata takan ce in na cire ta za ta iya tsayawa da kanta ta ci gaba da koyarwa. In zan yi dariya a cikin mutane sai na fara duba wa ke wurin. A lokacin ina kiran wannan hali kamala. Yanzu na san rabinsa tsoro ne kada a raina ni, don gajere ne ni, ga tumbi.

Matata 'yar wasu Fulani ce da suka daɗe da zama a gefen Durba, ta ƙasar Kibiya. Suna noma kamar kowa, amma ba su rabu da 'yan shanu a bayan gida ba. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baffa, dogo ne siriri, kuma ban taɓa ganin mutum mai kunya irinsa ba. Ko a wurinmu akwai kunya tsakanin mutum da surukinsa, amma tasu ta wuce tamu nesa. In na je gaishe shi, tun daga bakin danni nake cire takalmi, in tsuguna can nesa. Shi kuma ya kawar da fuska ya dubi wata bishiya ya ce, "Mutanen Rano sun zo lafiya?" Kamar ni kaɗai gari ne guda. Ni ma in dubi ƙasa in ce, "Lafiya lau suke, Baffa." Bai taɓa cewa da ni kai ba. Ban taɓa ganin bakinsa yana tauna ba, shi ma bai taɓa ganin nawa ba. In muka haɗu a hanyar kasuwar Kibiya, sai ya ratse cikin gonar wani ya tsaya yana duba gero kamar an ba shi aikin dubawa, har in wuce.

Kada in ɓoye, abin yana yi mini daɗi. Na samu wanda ya iya wasan da na fi ƙwarewa a kai. Har alfahari nake yi a makaranta cewa ni da surukina ba mu taɓa haɗa ido ba.

Matata kuma 'yar fari ce, saboda haka ita ma ba ta da wata hanya zuwa gare shi. Ba ya faɗin sunanta, waccan yake cewa. In tana da magana sai ta bi ta wajen ƙanwarta, wadda ke aure a maƙwabtansa, ita ke yi masa girki tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wannan ƙanwar ita ce abokiyar wasana, kuma Allah ya yi mata baki. Mijin Adda take kirana, wato mijin yayarta, ba ta taɓa kallon rigata ba tare da ta tambayi ko kwali ce ba.

Sai farar yana ta fara rufe idon Baffa. Da farko ya ɓoye. Aka lura ne da ya fara yi wa kututture sallama, kuma ya koma gane shanunsa da shafa maimakon kallo. Wani ma'aikacin lafiya a Kibiya ya duba shi ya ce abu ne da ake cirewa a Kano, mutum ya dawo yana gani, amma kada a bar shi ya daɗe, don in ya wuce wani hali aikin ba zai yi amfani ba. 'Ya'yansa maza biyu ne. Ɗaya ya yi kudu da garke, sai bayan kaka zai waiwayo. Ɗayan direban babbar mota ne, yau yana nan gobe yana can, wayarsa ma ba ta cika shiga ba. Saura ni.

Kai mutum asibitin ido ba rakiya ce kawai ba. Sai ka riƙe hannunsa. Sai ka ajiye masa kwano ka kai yatsunsa bakin kwanon. Sai ka ɗauki buta ka ja shi har ƙofar bayan gida ka tsaya ka jira. Baffa ya san wannan sarai. Da aka kai masa saƙon cewa na shirya, sai ya ce a gaya wa mutanen Rano an gode, Allah ya yi albarka. Wanda ya san shi ya san ma'anar wannan godiyar. Ya zaɓi ya makance da dai mijin 'yarsa ya riƙe masa buta.

Matata ta daina cin abincin kirki. Takan zauna da tsintsiya a hannu ta manta shara take yi. Wata safiya ta ce da ni, "Yanzu shi ke nan ba zai ƙara ganin yaran nan ba?" Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba, da shi ko da al'adar da nake ta yabo. Na ce mata ta bar ni da shi, ai magana sana'ata ce. Na kwana biyu ina tsara jawabi a kaina, na jero hujjojin addini kan neman magani, na tanadi inda zan sassauta murya da inda zan ɗan yi shiru don maganar ta shiga.

Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa. Na zaɓi farar shaddata, wadda nake ajiyewa don ɗaurin aure, na kafa hula. Matata ta ce in karya kumallo, na ce ba lokaci. Daga Kibiya zuwa gidansu hanyar ta zama kunu. Na naɗe rigar a cinya, na bi da babur ɗina a hankali ina kauce wa kowane kududdufi, har na isa ba ɗigon taɓo ko ɗaya a jikina. Na tuna na tsaya a bakin danni na dubi kaina na ji daɗi. Ashe ajiye ni ake yi.

Na tsuguna a inda na saba. Aka gaisa da mutanen Rano. Na yi gyaran murya na ce, "Baffa, dama batun idon nan ne..."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. A gaida yara." Ya lalubi sandarsa ya miƙe ya shige ɗaki.

Jawabin kwana biyu ke nan. Ko hujja ɗaya ban fitar ba. Na zauna a tsugune ina kallon buzun da ya tashi a kai, cikina yana ƙugin yunwa.

A gidan akwai yadda ake yi da suruki in ya zo. Ba a kawo masa abinci a fili. Sai a ajiye masa ƙwarya a bayan rumbu, inda ba mai ganinsa, shi kuma ya je kamar zai duba wani abu, ya kurɓi ludayi ɗaya ko biyu ya bar saura, don kada a ce mijin 'yarsu mayunwaci ne. Ƙanwar matata ta wuce ni tana cewa, "Mijin Adda, rumbu yana gaishe ka." Na ce na ƙoshi, kamar yadda ake cewa, sannan na zaga.

Fura ce da kindirmo mai sanyi, an dama ta da kauri. Na kurɓi ludayin farko na al'ada. Na kurɓi na biyu. Daga nan yunwa da haushi suka haɗu suka karɓe ragamar. Na ce a raina, mutumin da ya ƙi sauraron maganata, me zan rage masa? Na ajiye ludayin, na tallabi ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai, kamar ɗan gayya da ya fito daga kunyar gona.

Ina cikin haka na ji ƙwas, ƙwas, sanda tana taɓa jikin rumbu, sai kuma ɗan tarin da na sani. Baffa ne. Ashe ta nan yake bi kullum ya je wurin maruƙansa, yana dafa rumbun don ya gane hanya.

Mai hankali zai ce, to, ai mutumin ba ya gani. Da na tsaya cik na riƙe numfashi, da ya wuce ni kamar yadda yake wuce turmi. Ni ma na san haka, amma sai daga baya. A lokacin ba kaina ne ya yi tunani ba, shekarun da na yi ina ɓoye masa bakina ne suka yi. Abu ɗaya na sani, surukina yana zuwa, ga ni da ƙwarya a fuska, kumatuna cike da fura. Ban iya haɗiyewa ba don kada ya ji ƙarar maƙogwarona. Ban iya ajiye ƙwaryar ba don kada ta yi ƙara. Sai na fara ja da baya, a hankali, da nutsuwa, yadda nake yin komai.

A bayana akwai dangwali, wato doguwar igiyar nan da ake ɗaurewa tsakanin turaku biyu a jera maruƙa a jikinta. Na sha tsallake ta. Ranar dai ta baya na zo mata.

Ta kama dugadugaina biyu a tare. Na ga sama, na ga ƙafafuna a cikin saman, na ga ƙwaryar ta tafi ta bar ni. Sannan na sauka rigingine, tim, a inda maruƙa suka kwana ruwa ya dama abin da suka bari. Furar da ke bakina ta fita tare da salatin da ban san na yi ba, da ƙarfi kuwa, irin wanda ake ji daga gona. Ƙwaryar ta dawo ta same ni a ƙirji. Maruƙan suka firgita suka ja igiyar gefe guda, ta naɗe mini ƙafa ta juya ni. Na yunƙura in tashi, na kai rabi, santsi ya kwashe ni na koma, wannan karon ta gefe, don ɓangaren rigar da ya rage fari shi ma ya samu rabonsa.

Matan maƙwabta da ke daka a tsakar gida suka tsaya da taɓarya a sama. Ƙanwar matata ta fito da gudu ta yi turus. Ba wanda ya ce uffan, don ga Baffa tsaye, ga surukinsa kwance, kuma ba a taɓa yin irin wannan ba balle a san abin da ake cewa. Na ga ta cusa gefen mayafinta a baki tana cizo, idanunta sun kawo ruwa. Ni kuwa na kwanta shiru ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, har na rufe ido, kamar in na rufe nawa na kowa ma zai rufu.

Baffa ya karkata kai ya ce, "Mene ne ya faɗi?"

Matan suka dubi juna.

Ya sake tambaya. Ƙanwar matata ta zare mayafin daga baki, da wata siririyar murya ta ce, "Baffa, maraƙi ne."

"Wanne?"

"Farin."

Ya ce, "Ba ni da farin maraƙi bana." Can kuma ya ce, "Kuma tunda nake kiwo ban taɓa jin maraƙi ya yi salati ba."

Nan fa aka ɓarke. Wata ta saki taɓarya ta durƙusa tana riƙe ciki. Ƙanwar matata ta zauna daɓas a ƙasa. Na buɗe ido ɗaya na dubi Baffa. Yana ta ƙoƙari, ya danne leɓe, ya juya fuska wajen bishiyarsa kamar yadda ya saba, amma kafaɗunsa sun ƙi ba shi haɗin kai. Can ta ƙwace masa. Ya dafa rumbu yana dariya har da tari, hawaye na bin gemunsa. Ranar na fara ganin cikin bakin surukina. Haƙoransa ba su da yawa.

Da ya samu numfashi ya ce da 'yarsa, "Gaya mini yadda aka yi." Ta gaya masa, ina kwance ina ji, har da ƙarin da ba a yi ba. Ya ce, "Ƙwaryar fa?" Ta ce ta tsage. Ya ce, "Hular fa?" Ta ce tana bakin jan maraƙi yana gwada ta. Ya sake kecewa.

Sai kuma dariyar ta janye daga fuskarsa a hankali. Ya tsaya yana fuskantar inda yake jin motsina, fararen idanun nan a buɗe. Ya ce, ba da kowa ba, "An yi wannan a gidana. Kowa ya gani, har kaji. Ban da ni."

Ni kaina, duk da halin da nake ciki, sai da tausayinsa ya kama ni.

Ya miƙo sandarsa ta wajena ya ce, "Kama." Na kama, ya ja, na miƙe ina ɗiga. Ban lura ba sai da na tsaya da ƙafafuna cewa bai ce ku kama ba.

Aka kai mini ruwa bayan ɗaki. Ya sa aka ɗauko mini rigarsa da wandonsa. Na faɗa muku dogo ne siriri, ni kuwa akasin haka. Rigar ta matse ni a ciki ta sauko har idon sawu, wandon kuma sai da na naɗe shi ninki-ninki. Na fito zan yi sallama, na nufi inda na saba tsugunawa can nesa, sai ya ce in matso. Na matso. Ya ce, "Mutumin da na ji shi kwance a cikin kashin shanuna, ban ga abin da ya rage da zan ɓoye masa ba. Wace rana ce motar Kanon?"

Haka hujjojina suka koma gida ba a taɓa su ba. Abin da na kwana biyu ina tsarawa bai yi ba, igiyar maruƙa ta yi shi.

Kafin in kai Kibiya labari ya riga ni, albarkacin waya. Abin da nake gode wa Allah a kai har gobe shi ne dariya ta hana ƙanwar matata tunawa da ɗaukar hoto. Na shiga Rano a cikin rigar surukina, ina gaida mutane da kai kamar ba komai. Matata tana tsaye a tsakar gida. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gane rigar, ta fara dariya, na ce mata ya yarda, sai dariyar ta koma kuka, ta rasa wanda za ta tsaya a kai. Shaddar kuwa ba ta ƙara komawa fara ba. An yi wa yara riguna da inda ya tsira.

A Kano na riƙe hannunsa. Tafin kamar busasshiyar fata, amma ya damƙe ni sosai wajen tsallaka titi. Ranar farko da na ajiye masa abinci ya juya mini baya ya ci, ni ma na juya masa nawa, muka zauna kamar masu gaba. Washegari ya ce wannan wahala ce, in kawo kwanon tsakiya. Na ɗauki buta na ja shi inda ake zuwa, na tsaya a ƙofa, sama ba ta faɗo ba. In shiru ya yi yawa sai in ji ya yi 'yar dariya shi kaɗai, in ce, "Baffa, lafiya?" Ya ce, "Farin maraƙi na tuna."

Da aka cire masa bandeji ya daɗe yana ƙifta ido. Ya dubi taga, ya dubi hannunsa, sannan ya juyo ya dube ni, kallo na sosai, wanda bai taɓa yi mini ba ko lokacin da idonsa ke lafiya. Ya ce, "Ashe gajere ne kai." Na ce haka Allah ya yi ni. Ya ce, "To, ga ido ya samu. Sake yi in gani."

Ba duka kunyar ce ta tafi ba. Da muka biya ta Rano, matata ta fito ta durƙusa, ya kalle ta kallo ɗaya ya kawar da kai, ya ce da ni, "Ka gaya wa waccan ta rame." Amma ya zaunar da jikokinsa a gabansa yana juya fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda kowanne ya ɗebo.

Ya yi shekaru masu dama yana gani bayan nan. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ya sa an shimfiɗa masa buzu daidai inda zai hango dangwali. In na zo tsallakewa sai ya ce, "A hankali dai, Malam," da muryar wanda ke fatan kada a ji shawararsa. Ban ƙara faɗuwa ba. Yakan ce an cuce shi, an kai shi Kano an buɗe masa ido, kuma ba a nuna masa abin da ya je dominsa ba.

Zuwan da ba na mantawa shi ne na wata ƙaramar salla, mun je da yara gaba ɗaya, gida ya cika. Ya tsufa sosai a lokacin, amma bai yarda wani ya kwance masa maruƙa ba. Da hantsi ya tashi da butarsa a hannu ya nufi wurinsu. Igiyar nan da yake tsallakewa tun kafin a haife ni, ranar ƙafarsa ba ta ɗagu yadda ya zata ba. Ya tafi ta gefe, butar ta yi nata wuri tana gangarawa, hularsa ta faɗa daidai inda tawa ta taɓa faɗawa.

Wurin ɗaya ne, igiyar ɗaya, masu kallo ma kusan su ne na wancan karon. Amma ba wanda ya cusa mayafi a baki. Mata suka saka salati, matata ta dafe ƙirji, ƙanwarta mai bakin nan ta kasa ko motsi. Na ruga, ni da ba na gudu, na tallabo shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki damin kara.

Ya jingina da hannuna yana haki. Ya bi fuskokinmu da idanun da muka je Kano muka gyara, ɗaya bayan ɗaya, yana ganin komai tar. Ya ce, "Ba wanda zai yi dariya?"

Ba wanda ya yi.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Har kai?"

Wallahi na yi ƙoƙari. Na buɗe baki, na nemo ta daga inda take fitowa, amma abin da ya fito ba dariya ba ne, kuma ya ji. Ya ɗan gyaɗa kai ya ce, "To. Shi ke nan." Muka kai shi ɗaki. Bai ƙara zuwa wurin maruƙansa da ƙafarsa ba, kuma bai ga kakar shekarar ba.

Wannan ne sharaɗin da na ce ban gane da wuri ba. Ba a kiran faɗuwa ɓaranɓarama sai masu kallo sun tabbata wanda ya faɗi zai tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ji kunya. Dariyar da ake yi masa shaida ce cewa ba a tsorata ba. Baffa ya san haka tun yana kwance a hannuna, shi ya sa ya nema.

Ban faɗa wa abokaina duk wannan a gindin darbejiya ba. Na dai bar su suka yi dariyarsu mai isarsu, ban ji haushi ba ko kaɗan. Gwiwata ta fara ciwo in zan tashi daga tabarma, kuma na lura kwanan nan akwai mai miƙo mini hannu ba tare da ya tsokane ni ba. Saboda haka da dariyar ta fara lafawa, sai na tuna musu da batun hular, wanda suka manta.